Sojan Laima a Hasumiyar Majami'a

Duk shekara, in muka kai kan Yaƙin Duniya na Biyu da 'yan aji uku, nakan rufe littafi in ba su labarin John Steele, wani sojan laima na Amurka.

Kafin wayewar garin 6 ga Yuni 1944, jirage suka zubo su a kan Sainte-Mère-Église, wani ƙaramin gari a Faransa da ke hannun Jamusawa. Wani gida na cin wuta a daren, haskensa ya tona musu asiri, aka yi ta harbinsu tun suna sama. Shi Steele laimarsa ta maƙale a hasumiyar majami'a. Ga rauni a ƙafa, ga abokan gāba a ƙasa. Sai ya saki jiki kamar gawa, yana reto wajen awa 2. A nan ɗalibai sukan fashe da dariya, su da ba sa iya zama shiru minti biyar lokacin sujada! Ni kam wannan shirun ya fi ba ni mamaki bisa ga dirowar.

Jamusawa suka sauko da shi suka tsare, daga baya ya tsere ya koma cikin 'yan'uwansa. Ya rasu a 1969. Mutanen garin sun rataye mutum-mutuminsa da laima a jikin hasumiyar.