Wa Ke Rainon Mai Raino?

Duk wanda ya bi ta layinmu da misalin bakwai na safe ya san gidan. Ga ƙananan takalma zube a bakin zaure, ga ƙamshin koko, ga kukan da ba ya lafawa sai hantsi. Nan muke ajiye 'ya'yanmu. Cikinmu akwai malaman firamare, akwai masu tebur a kasuwa, akwai ɗalibai masu goyo da ke karatu a nan Kontagora. Mu miƙa yaro, mu miƙa kwanon abincinsa, mu ce, “Inna, sai mun dawo,” mu tare ɗan acaɓa.

Inna ba ta haifi ko ɗayarmu ba. Amma unguwa irin tamu, wadda kakanninmu suka zo fatauci daga Katsina da Gobir da Zamfara suka kafa, suka baro dangi can nesa, maƙwabciya ita ce uwa. A da raino aikin ƙanwa ne, ko 'yar riƙo, ko tsohuwar gida. Yanzu ƙannen suna makaranta, sai raino ya koma sana'a. Mu dai ba mu yarda mu kira shi sana'a ba, mukan ce Inna tana “taimakonmu” ne. Mun san dalili: idan taimako ne, ba a tayar da maganar kuɗi.

Yara bakwai take riƙewa, babbansu bai cika shekara uku ba. Ita kaɗai.

Damina biyu da suka wuce aka kawo mata wani yaro ɗan wajen shekara biyu. Iyayensa daga wani ƙauye ta wajen Mariga suka gudo bayan 'yan bindiga sun shiga musu, uwar ta samu wanke-wanke wajen wata mai abinci. Yaron nan ba ya barci, ba ya wasa. Sai yana zaune lafiya ya ƙwalla ƙara, ya gartsa wa na kusa da shi cizo. Muka riƙa ɗaukar 'ya'yanmu da shatin haƙora a hannu, muna ƙunƙuni a hanya.

Ranar da abin ya fashe, ɗayarmu ce ta dawo da wuri. Ta tarar an ɗaure ƙafar yaron da majanyi a jikin turmi, wata jinjira na ta tsala kuka a tabarma, Inna kuwa na zaune ta zuba wa bango ido kamar ba ta ji. Da daddare muka taru, kuma gaskiya ba mu yi magana mai daɗi ba. Wasu suka ce yaron iska ce a kansa, a mayar wa uwarsa. Wasu suka ce tsufa ya sa Inna mugunta. Uku suka janye 'ya'yansu washegari. A duk tsawon daren nan babu wadda ta ce bari mu je mu tambaye ta lafiya.

Wata Hajiya ce a bayan layinmu, tsohuwar nas da ta yi shekaru a ɗakin awo ta kuma taɓa samun horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ta ce mu dakata. “Ku bar ni in je in zauna,” in ji ta. Muka zaci bincike za ta yi. Ashe zama ɗin ne dai. Safiya uku tana zuwa da tiren gyaɗarta tana ɓara, tana taya Inna hira, tana kallo.

Abin da ta gano, da muna da ido da mun gani. Tabarmar yaran a zaure take, dab da hanya. Duk sanda babur ya wuce sai jikin yaron ya sandare, daga nan sai cizo. Kowa a ƙasar nan ya san a kan me 'yan bindiga ke zuwa. Ba mu manta da Tegina ba, yadda aka kwashe yara sama da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko ranar 30 ga Mayu, 2021, suka yi kusan wata uku a daji. Mun yi kuka, mun yi addu'a. Amma tunaninmu bai taɓa kaiwa ga wanda aka gudo da shi a goye ba, wanda ya ji ƙarar, ya ji bugun zuciyar uwarsa a kunnensa, ba shi kuma da bakin faɗa. Mukan ce yaro bai san komai ba. Hajiya ta ce jikinsa ya sani.

Ba magani ta ba shi ba. Aka mayar da tabarma can ƙuryar gida gindin darbejiya. Ta ce Inna ta goya shi da safe lokacin da 'yan acaɓa suka fi zirga-zirga, in babur ya wuce ta dafa shi ta ce, “Babur ne, ya wuce, ga ni nan.” Kofinsa ɗaya, wurin kwanciyarsa ɗaya, kullum. Ta kuma hana uwar sulalewa. Mu ma duk haka muke yi, mu bari yaro ya juya baya mu arce don kada ya yi kuka. Ta ce yaron da duniya ta taɓa watse masa babu sallama, a yi masa sallama ko zai yi kuka, ya ga an tafi, ya ga an dawo.

A rana ta uku ne ta juya ta ce, “Inna, ke fa, kina samun barci?”

Inna ta daɗe ba ta tanka ba. Ɗan ƙanwarta da ta raina tun yana tsumman goyo, direba, an ɗauke shi a hanya watanni kafin nan. An haɗa kuɗin fansa an kai, bai dawo ba. Mun sani fa. Mun je jaje, mun ce Allah ya bayyana, washegari muka miƙa mata yaranmu kamar kullum. Tun daga lokacin ba ta barci, abinci sai ta tura, kukan yaro kuma kamar ana buga mata taɓarya a ka. Da aka zo kan ɗaurin sai ta ce, “Hajiya, tsoron hannuna nake ji. Gara in ɗaure shi da in dake shi.”

Hajiya ba ta ce ta yi daidai ba. Ta ce ɗauri ya ƙare daga yau. Ta raka ta asibiti da kanta, aka samu jininta ya hau, aka kuma ce akwai ciwon damuwa. Rubutun da malam ke ba ta ba wanda ya hana ta, tana sha tana shan na asibiti.

Daga baya Hajiya ke gaya mana cewa wannan zaman da ta yi aiki ne mai zaman kansa a wasu ƙasashe. A Amurka akwai ƙwararrun da ake biya su riƙa zagaya gidajen masu raino, kuma hankalinsu ya fi karkata ga mai rainon fiye da yaron. Abin ya ƙara ƙarfi bayan binciken Walter Gilliam na Jami'ar Yale a 2005, wanda ya nuna ana korar 'yan nasare fiye da ninki uku na yadda ake korar manyan ɗalibai. Mu ma ai korar muka so yi. A Zimbabuwe kuma wani likita, Dixon Chibanda, tsofaffin mata ya horar, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Wannan ya fi kama da abin da za mu iya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, manyan asibitocinsu irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato kuwa tafiya ce ta yini. An sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, madalla, amma har yanzu ba mu ga ta leƙo zauren Inna ba.

Muka sake zama. An tsayar yara biyar, ba ƙari. An samo wata bazawara tana kama mata daga safe zuwa azahar. An yanka kuɗin wata, an daina kiran sa taimako. Ranar Alhamis da la'asar masu rainon unguwar, gida huɗu, suna haɗuwa wajen Hajiya, kowa ta faɗi yaron da ke ba ta wuya da abin da ke cin ta.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu mazan sun ce zaman gulma ne. Wata kuma, da ta ji an ambaci likitan ƙwaƙwalwa, ta cire 'yarta, wai ba ta barin jinjira hannun mai taɓin hankali. Wannan ya yi mana ciwo, don lokacin da Inna ke haɗiye abinta ita kaɗai babu wadda ta ji tsoron miƙa mata yaro, sai da ta fara samun sauƙi.

Yaron har yanzu yakan yi cizo jefi-jefi. Makon jiya dai ya ja Inna da haɓar zani har bakin zaure, ya tsaya bayan ƙafarta ya leƙa wani babur yana wucewa. Kuɗin watan nan kuma saura mutum biyu ba su kawo ba, sun san kansu.