Yayi Da Shagon Yayata

Hausawa sun ce zamani riga ne. To, gaskiya ne, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi wa ke ɗinka rigar ba, balle a ce ko an biya shi ladan ɗinkinsa. Mu a nan kwaleji ba abin da mu ke sa wa ido kamar tufa da takalmi. In sabon ɗalibi ya zo, kafin a tambayi sunansa an riga an dubi ƙafarsa. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana labarin yadda yayi ya ke in an dube shi daga bayan keken ɗinki, gama a can na tashi, kuɗin da ke riƙe da ni a makarantar nan kuwa daga bakin allura su ke fitowa.

Garinmu Ashige ne, a ƙasar Lafiya, kan hanyar motar da ta nufi Shendam, kafin a kai Assakio. Da muna cikin Jihar Filato ne, sai a 1996 aka yanke Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birninta. Mutanen wajenmu galibi manoma ne, masu doya da rogo da riɗi da agushi. Kabilu ne iri iri, kowa da harshensa, amma in an zo kasuwa Hausa ce ke haɗa mu.

A bakin hanyar nan yayata ta ke da shago. Ɗaki guda ne na haya. A ciki akwai keke biyu na ƙafa, ƙirar Butterfly ta ƙasar Sin, da teburin yanka, da dutsen guga na gawayi, da 'yan mata uku masu koyo. Ta ɗaura igiya a jikin bango ta rataya 'yan atamfofi na sayarwa, a bakin ƙofa kuma ga katako da ta ke jera takalma. A makarantar mishan da muka yi ta fara riƙe allura, daga baya ta yi shekara uku a hannun wata uwar ɗaki a Lafiya. Duk hutu ni ne mai hura gawayi da rubuta lissafi, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne.

Da, in ji Yaya, yayi tafiyar ƙasa ya ke yi. Sai ɗinki ya tsufa a Ikko ko Kano tukuna ya iso Lafiya, sa'an nan mai talla ya kawo babbar takarda mai hotuna a manna a bango. Mace ta zo ta nuna da yatsa ta ce wannan ta ke so, shi ke nan. Takarda guda ta kan daɗe tana aiki har ta koɗe. Yanzu kuwa yayi ya yi fiffike. In wata amarya ta yi biki a Abuja ran Asabar, kafin Litinin hotonta ya shiga wayar 'yan matan garinmu ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Cikin 'yan shekaru kaɗan na ga yayin hannu mai kumburi, na ga na riga mai matse ciki wadda a ke sa wa ƙashin roba, na ga na manna duwatsu masu walƙiya, har na ga an koma wa bubu mai faɗi irin ta iyayenmu. Samari su ma ba a bar su baya ba, da ɗinkin sanata da wando tsukakke.

Abin da mai kawo hoto ba ta sani ba shi ne, kowane yayi da kayan aikinsa ya ke zuwa. Rigar da ke cikin hoton an ɗinka ta da leshi mai tsada, da keken lantarki, an kuma sa ta a jikin wadda ba ta taɓa ɗaukar doya a ka ba. Sai ka ji Yaya ta ce, "Ƙanwata, ɗinkin nan yadi shida ya ke ci, ke kuwa huɗu kika kawo." Yarinya ta ce, "Haba Anti, ai ke gwana ce, ki dai yi dabara." In ta ƙi karɓa, yarinyar ta tafi Lafiya, ta kuma ja ƙawayenta. In ta karɓa ɗinki bai fita kamar hoto ba, sunanta ya ɓaci a gari. Surfani kuwa sai ta kai Lafiya wurin masu babban keke, ta biya su, ta biya mota zuwa da dawowa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, wato farkon mulkin Shugaba Tinubu a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. Amma in tela ta ƙara kuɗin ɗinki, sai a ce ta yi tsada.

Babbar wahalar ƙaramin shago ita ce, yayi da lokacin birni ya ke tafiya, kuɗin ƙauye kuwa da lokacin gona. Daga faɗuwar ruwan fari duk abin da manomi ya ke da shi ya tafi ga taki da maganin ciyawa da 'yan ƙwadago. A watannin nan keke ya kan wuni shiru, sai ɗan faci. In doya ta fito, aka sayar da riɗi, sai gari ya farka. Kirsimeti kullum a bayan kaka ta ke zuwa, don haka kasuwarta ba ta cika ba da kunya ba. Daga tsakiyar Nuwamba ba barci, a yi ɗinki da fitila har zakara ya yi cara. Salla kuwa kowace shekara ta kan matso baya da wajen kwana 11. A 2024 Ƙaramar Salla ta faɗo cikin Afrilu, a 2025 a ƙarshen Maris, watau daidai sa'ad da manomi ke tattalin kuɗin shiga gona. Dole tela ta san wannan lissafi tun kafin ta sari kaya. Ribar wata biyu ko uku ita za ta ci da gida har shekara ta kewayo, a ciki kuma za a biya haya da kuɗin makarantar ƙane.

Atamfar da ke kan igiyar nan ita ma da labarinta. Iyayenmu sun ɗaura ta ƙasarmu. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, a 1964 aka kafa UNTL, dubban mutane suna ci daga audugar Arewa. Ta farko ta tsaya a 2002, ta biyun ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Tun daga nan mafi yawan atamfar da talaka ke iya saye daga Sin ta ke zuwa, ta sauka a manyan kasuwanni irin Kantin Kwari na Kano, daga can ta bi hannu hannu har ta iso mu. 'Yar Holan ta Vlisco da shaddar Getzner ta Ostiriya kuwa sai masu hali. Tun da ya ke da kuɗin waje a ke sayo su duka, in naira ta faɗi a Ikko, sai turmi ya tashi a Ashige. Sau da yawa Yaya ta kan sayar da turmi da 'yar riba, ta koma sari ta tarar kuɗin ba su isa ta maye gurbinsa ba.

Amma a cikin kayan shagon duka, takalmi ya fi ba ta tsoro. Abin mamaki ne, gama takalmi sana'ar kakanni ce a ƙasar nan. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano da takalman da dukawanta ke yi har ƙetaren Sahara a ke kai su. Daga baya iyayenmu suka yi zamanin sandal ɗin Cortina na kamfanin Bata, wanda ɗan makaranta ya kan sa ya bar wa ƙanensa. Yau takalman da ke kan katakon Yaya iri uku ne. Akwai na Aba, waɗanda a ke ɗinkawa a kewayen kasuwar Ariaria. Akwai na roba daga Sin. Akwai kuma na gwanjo, waɗanda wani ya riga ya taka a wata ƙasa.

Ga inda haɗarin ya ke. Atamfa in an daina yayinta, a kan yanka ta a yi wa yara riguna, ko a ba tsohuwa ta ɗaura. Takalmi ba ya yankuwa. Dila ba ya yarda ka zaɓi lamba, dozin ya ke ba ka a gauraye. Lamba 38 da 39 da 40 su tafi cikin mako guda, babba da ƙarami su zauna suna jiran mai ƙafarsu. Kafin ya zo an daina yayin. Wanda aka yi da fatar roba kuma ba ya jimre ajiya, in ya sha zafin bazara sai ya fara ɓarewa tun ba a taka shi ba. Akwai wani buhu a bayan teburin yanka cike da takalma masu tsinin dunduniya. An yi rububinsu a wata Kirsimeti, Yaya ta ƙaro dozin biyu da kuɗin adashi, kafin su iso 'yan mata sun koma wa kambas da na roba mai huji-huji. Ta kan nuna buhun ta ce mini, "Malam, ga kuɗin littattafanka can suna barci." A nan kusa kuwa ga wani dattijo mai yanka takalmin taya ran kasuwa. Nasa ba a taɓa yayinsa ba, don haka ba a taɓa daina yayinsa ba. Manomi ya saya, ya shiga gona da shi shekara da shekaru.

Sai maganar bashi. Sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na tela ya fi na kowa tsawo. Littafin bashin shagon ni ke rubuta shi, na kuwa lura da wani abu da ya kamata mu ji kunyarsa. Manomi in ya ce sai kaka, to, kakar ce, ko da doya zai biya. Waɗanda sunansu ke daɗewa a littafin masu albashi ne, da malaman makaranta a cikinsu. Mutum ya karɓi kaftani ya ce sai ƙarshen wata, ba ya faɗin ko wane wata ne. Na sani albashi ya kan yi jinkiri. Amma ita ma tela da nata kuɗin ta sayi zare da maɓalli da shafi, ta kuma ciyar da 'yan koyo. Ba ta iya matsa wa Malam, domin 'ya'yanta suna ajinsa.

To, me ke riƙe da shagon har ya kai yau? Aikin da ba mai ɗaukarsa hoto. Rigunan 'yan makaranta a farkon zango. Ankon zumuntar mata na coci, da na biki da suna, inda a ke ɗinka iri guda ga mutum talatin. Faci, da rage wando, da sauya zip. Wani lokaci Batibiya ta kawo saƙin nan nasu mai ratsin baƙi da fari da su ke kira anger, a ɗinka mata don taro, tufar da kakarta ta sa, jikarta ma za ta sa. Yayi shi ke jawo mutane bakin ƙofa, amma wannan aiki shi ke biyan haya. Bayan wannan sai riƙon alkawari. An san teloli da cewa gobe ba ta ƙarewa a bakinsu. Yaya kuwa in littafinta ya cika kafin Kirsimeti, sai ta daina karɓa ko da za a ninka mata kuɗi. Ta ce gara mutum ya yi fushi yau da ya yi kuka ran biki.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za a rarraba mu garuruwa irin Ashige, abin nan kuwa ya shafe mu ta hanya uku. Na fari, a ƙauye malami shi ne madubi. Abin da ya sa ran Litinin shi samari za su nema ran kasuwa. Kada mu koya musu sauya takalmi kowane wata da kuɗin da ba su da shi. In mun kai ɗinki, mu ba da kafin alƙalami, mu cika sauran ran karɓa.

Na biyu, mu yi hankali da dokar tufa. Abu ne mai sauƙi malami ya tsaya bakin ƙofa da bulala ya kori yaro don ya zo da silifas. Kafin mu yi haka, mu tambayi kanmu ƙwaryar doya nawa ubansa zai sayar ya sayi sandal, a wane wata kuma mu ke. Yaron da aka kora cikin Yuni don takalmi, wataƙila gona za ta riƙe shi har abada. In makaranta za ta sauya launin riga, a faɗa wa iyaye tun da kaka, a kuma zaɓi yadin da telan gari zai samu.

Na uku, kada mu raina aikin hannu a gaban yara. Na sha jin malami ya ce wa yarinya in ba ta yi ƙoƙari ba ƙarshenta ɗinki. Wanda ya faɗi haka bai taɓa ganin yadda a ke fid da riga da zane da ɗankwali daga yadi shida ba tare da an yi asarar taƙi guda ba. Wannan lissafi ne sosai. In muna koyar da awo da kashi da riba da faɗuwa, mu kawo igiyar awo da ƙyalle cikin aji, ko mu kai yara shagon tela su gani da idonsu.

Ban ce a bar ado ba, gama tsabta da kyan shiga suna daga cikin abin da a ke koya mana a nan. Amma duk sa'ad da muka ga sabon yayi ya burge mu, mu tuna a wani ƙauye akwai mai keke da za ta ɗauki nauyinsa in ya zo, ta kuma ɗauki asararsa in ya wuce. Iyakar abin da na ke da shi ke nan. In akwai ɗan baduku ko ɗan masaƙi a cikinmu, ina fata zai ba mu nasa labarin a fitowa ta gaba.