Aro, Rance da Jingina: Abin da Digiri na Uku a Dokar Mu'amala Yake Koya Mini

Fannin da nake karatun digiri na uku a cikinsa ba shi da tsayayyen suna a Hausa, kuma daga nan wahalarsa take farawa. Wasu masu fassara suna kiransa dokar farar hula, alhali farar hula a bakin Bahaushe kishiyar soja ce. Shi kuwa wannan fanni bai raba mai kaki da mai babbar riga ba; idan soja ya ci bashi, dokar da za ta kama ɗan kasuwa ita ce za ta kama shi. Larabawa suna ce masa madani. Ni dai na zaɓi in riƙa cewa dokar mu'amala, domin abin da ta ƙunsa ke nan: haƙƙoƙin da ke tsakanin mutum da mutum, waɗanda ake neman a biya su ko a mayar da su, ba tare da an ɗaure kowa ba. Aure da saki, gado da wasiyya, ciniki da haya, bashi da diyyar ɓarna, duk a nan suke zaune.

A tsarin jami'o'inmu na ƙasashe masu aiki da Faransanci, ɗalibi yakan yi shekara uku a digiri na farko, biyu a na biyu, sannan aƙalla uku a na ƙarshe. A wannan mataki babu sauran zaman jiran malami ya karanta a rubuta. Tambaya ɗaya ake ba ka, ko ka zaɓa da kanka, ka yi ta binta har ta zama kundi mai ɗaruruwan shafuka. Bisa al'adar masana doka na Faransa, kundin yakan rabu kashi biyu, kowane kashi ya sake rabuwa biyu, sannan a ranar ƙarshe ka tsaya a bainar jama'a gaban kwamitin shehunan malamai ka kare abin da ka faɗa. Abin da suke nema a wurinka shi ne matsayi. Tara maganganun magabata kaɗai ba ya fitar da kai. Sai ka ce ga abin da kake gani, ga kuma hujjarka.

Shekarata ta farko a kan salsalar dokar ta ƙare. Tushenta yana komawa ga dokokin Rumawa da sarki Jastiniyan ya sa aka tattara a ƙarni na shida. Daga nan sai kundin Faransa na 1804, wanda ake jingina wa Napoliyon, mai aya 2281. Mulkin mallaka ne ya kawo shi Afirka ta Yamma, kuma da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960 sai ta ci gaba da aiki da shi. Abin mamaki, masu kundin sun fi mu taɓa shi. A 2016 Faransa ta sake fasalin dokokinta na yarjejeniya, har aya ta 1382, wadda kowane ɗalibin doka ya haddace, mai cewa wanda kuskurensa ya jawo wa wani ɓarna shi zai gyara, ta koma aya ta 1240. Mu a Yamai har yanzu da tsohuwar lambar muke kiranta.

Sai dai wannan kundi ba shi ke hukunta yawancin rigingimun mutanenmu ba. Tun dokar tsarin kotuna ta 1962, da wadda ta gaje ta a 2004, an umurci alƙali ya yi aiki da al'adar masu ƙara a sha'anin aure, saki, nasaba, gado, kyauta da wasiyya, da kuma mallakar gonar da ba a yi wa rajista ba. Masana al'ada suna zama tare da shi don ba shi shawara, kuma kafin maganar gona ta kai gare shi, mai gari da hakimi sukan gwada sulhu. Ita kuwa al'ada ba ta da aya mai lamba. A bakin mutane take, da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da harshen Buzaye. Saboda haka mai rubuta kundi a kan dokar mu'amala a ƙasarmu da Faransanci yake rubutu, amma rabin abin da yake bincike a cikin kalmomin waɗannan harsuna yake kwance. Ni kalmomi uku na Hausa suka riƙe ni.

Mu fara da aro da rance. Faransanci kalma ɗaya gare shi, "prêt", sai ya ƙara mata bayani don ya bambanta abin da ake amfani da shi a mayar da abin da ake cinyewa a biya. Hausa ta riga ta raba su tun a suna. Abin da ka ara, shi ɗin za ka mayar: fartanya, jaki, riga, gona. Abin da ka ranta kuwa, madadinsa za ka kawo: kuɗi, tiyar gero, man gyaɗa. Bambancin yana da nauyi a shari'a. Mai rance ya mallaki abin da aka ba shi, don haka ko ɓarawo ya sace a daren, biya yana wuyansa. Mai aro bai mallaki kome ba, ko da ya shekara arba'in yana noma gonar. Shi ya sa a wurare da yawa ba a barin mai aron gona ya dasa itace ko ya gina rijiya, kuma yakan kai wa mai ita dami bayan girbi, don kada a manta ta waye. Kayan aro ba ya rufe katara, in ji masu iya magana. Kundin 1804 ma ya yarda da su a nan, domin ya ce wanda yake riƙe da abu a madadin wani, daɗewa ba ta mayar da abin nasa.

Jingina ce ta fi ba ni aiki. A ƙauyukanmu, wanda ya matsu yakan ba da gonarsa ga mai kuɗi ko mai hatsi, shi kuma ya yi ta nomawa yana cin amfanin har ranar da mai ita ya zo ya fansa. Sau da yawa ba a yanka wa'adi, kuma abin da aka girbe ba a cire shi daga bashin. Kundin Faransa ya san wani abu mai kama da haka, amma ya raba shi biyu: "gage" ga abin da ake iya ɗauka, "antichrèse" ga gida ko gona. Na biyun sai da rubutu yake tabbata, kuma dole a riƙa lissafa amfanin kowace shekara ana ragewa daga bashin. Malaman fiƙihun Malikiyya kuma suna da tasu maganar: ba su yarda wanda ya ba da rance ya ci amfanin abin da aka jinginar masa ba, domin rance ne da ya jawo riba. Ga kalma ɗaya, ga hukunci uku, kuma duka ukun suna da masu bin su a gari guda.

Ban zaɓi wannan tambaya don daɗin ta ba. A yunwar 1984 kakana ya karɓi jika arba'in daga hannun wani maƙwabcinsa a ƙauyenmu na jihar Maraɗi, ya bar masa gonar da ke gabas da gari. Babu takarda, domin a lokacin mutum biyu da shaidu uku sun isa. Duka biyun suka rasu, biyu daga cikin shaidun ma suka bi su. Bayan shekara talatin da ɗoriya, da iyayenmu suka tara kuɗi suka je, sai magadan maƙwabcin suka ce ubansu saye ya yi. Ba na jin ƙarya suka shirya. A gonar aka haife su suna noma, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu akasin haka.

A zauren mai gari, shaidar da ya rage dattijo ne da idanunsa suka tafi. Aka tambaye shi ko sayarwa ce ko jingina. Ya ce shi dai bai riƙe wannan ba, abin da ya riƙe shi ne marigayin ya ce wa kakana: "Malam, ranar da Allah ya hore maka, ka zo ka fanshi abinka." Zauren ya yi tsit. Kowa a wurin ya san ba a fansar abin da aka sayar, sai dai a sake saye, kuma ba a ce wa mutum "abinka" a kan abin da ya riga ya bar hannunsa. Sannan wani ya tuna cewa duk tsawon shekarun nan ba su dasa ko mangwaro ɗaya a gonar ba, alhali sun dasa a sauran gonakinsu. A kan fi'ili ɗaya da ɗafa-ƙeyar mallaka ɗaya aka yi sulhu. Da maganar ta wuce zuwa kotu, da tafinta ne zai juya ta, magatakarda ya rubuta da Faransanci, kuma kalmar da ta fi kusa da fansa a can tana iya nufin sake sayen abin da aka sayar. Da haka shaidar da ta ba mu gaskiya za ta iya komawa hujjar abokan shari'armu.

Duk da haka sulhun bai kwantar mini da hankali ba, kuma abin da ya dame ni shi ya zama babi mafi tsawo a kundina. Nawa ya kamata a mayar? Aya ta 1895 ta kundin tana cewa wanda ya ranci kuɗi adadin da ya karɓa kawai zai biya, ko darajar kuɗin ta hau ko ta sauka. To, a watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, kuma jika arba'in ta yau ba ta sayen hatsin da ta saya a 1984. Idan aka bi adadi, magadan mai kuɗi za su ce an cuce su, tunda ubansu ya ceci gida guda daga yunwa a lokacin da kuɗi yake da wuya. Idan aka lissafa girbin shekara talatin, mu ne za mu ce an biya bashin har an ninka. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma ni jikan ɗaya daga cikinsu ne. Malamin da ke duba aikina ya ce mini in rubuta babin ta yadda jikan maƙwabcin zai karanta ya ce an yi masa adalci. Ban taɓa samun umurni mai wuya kamar wannan ba.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta ba haƙƙin da ya samo asali daga al'ada kariya daidai da wanda ya samo asali daga rubutacciyar doka, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda a yau ake samunsu tun daga gunduma har ƙauye. Suna ba da takardun shaidar saye, kyauta, aro, haya da jinginar gargajiya. Wannan ci gaba ne babba, domin takarda ba ta mutuwa kamar shaida. Amma takarda abin da aka gaya wa mai cika ta take ɗauka. Idan manomi ya ce "na ba shi gona", mai rubutu ya san cewa "ba" tana iya zama kyauta, tana iya zama aro, tana iya zama riƙo kafin marayu su girma? Idan bai sake tambaya ba, ya hatimce rigimar da jikoki za su gada.

Matsayin da zan kare a gaban kwamiti ke nan: kafin alƙali ya laƙaba wa yarjejeniya sunan Faransanci, ya fara tabbatar da sunan da masu ita suka ba ta da harshensu, kuma a rubuta wannan kalma yadda aka furta ta a cikin takardar hukunci, kusa da fassararta. Na san za a ce mini wannan zai hana doka zama ɗaya a faɗin ƙasa, tunda jinginar Gobir tana iya saɓa wa ta Damagaram. Amsata ita ce saɓanin yana nan tun da daɗewa, fassara ce kawai take rufe shi, kuma abin da aka rufe ba a iya daidaita shi. Sai an tara hukunce-hukunce masu ɗauke da kalmomin asali sannan mai tsara doka zai ga inda al'adu suka haɗu da inda suka rabu.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, aka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan har wata rana za a rubuta dokar mu'amala da Hausa, to wani ne zai zauna ya yanke abin da ajiya take nufi da inda ta rabu da amana, da bambancin haya da sufuri, da na diyya da ramuwa. Masana doka kaɗai ba za su iya wannan aiki ba, domin yawancinmu a kan kalmomin wani harshe muka goge.

Don haka, ya ku masu nazarin Hausa, idan kun ci karo da irin waɗannan kalmomi, kada ku tsaya ga ma'ana guda da ƙamus ya bayar. Ku rubuta wanda ya faɗa, a wane gari, a kan wane abu. Ku lura da fi'ilin da ke rakiyar kowace: ana cin bashi, ana biyan rance, ana mayar da aro, ana fansar jingina. Ku tambayi dattawa abin da mai riƙe da gona yake da ikon yi da abin da aka hana shi, kuma ku yi sauri, domin masu wannan sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Littafin da kuka cika da irin wannan bayani, alƙali yana bukatarsa, ɗalibin doka yana bukatarsa, haka ma marayan da gonar ubansu take hannun wani.