Ciwon ɗiyata yana bin lokutan shekara

Ni manomi ne a ƙasar Maraɗi. Zan ba ka labarin gidana, ko Allah ya sa ya amfane ka.

Ɗana na fari ya rasu yana da shekara 4. Duk lokacin da ɗari ya shigo, sai ya kwana yana kukan ciwon hannu da ƙafa. Muka ce iska ce. Muka yi turare, muka yi tsaga, har muka sai da akuya biyu. Wani dare jikinsa ya yi zafi, muka ce mu jira gari ya waye. Bai kai safiya ba.

Da ƙanwarsa ta fara irin wannan kuka, ban jira ba. Na kai ta gidan likita. Aka auna jininta, aka ce amosanin jini ne, wanda ake kira sikila. Lokotoro ya zana mini a takarda. Ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna yin kwana 120. Nata kuwa suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Inda suka toshe, nan ciwo yake tashi. Kuma ba su wuce kwana 20, shi ya sa kullum jininta kaɗan ne. Ya ce gado ne daga ni da uwarta, mu biyu. Ba laifin uwa ba ne.

Daga nan na sa ido. Na gane ciwon nan yana da lokacinsa, kamar noma.

Da ɗari, sanyi yana matse jijiyoyi. Ɗiyata ba ta zuwa rijiya da asuba. Tana wanka da ruwan ɗumi, kuma sai rana ta ɗaga. Da dare akwai hula da bargo. Lura da wannan: cikin sanyi mutum ba ya jin ƙishirwa, amma iska tana busar da jiki. Saboda haka muna ba ta kunu mai ɗumi da ruwa ko ba ta nema ba.

Da bazara, zafi yakan wuce digiri 40 a wajenmu. Zufa tana fita, jini ya yi kauri, ciwo ya tashi. Ba ta fita ba tare da gorar ruwa ba. Da tsakar rana tana inuwa, ana dama mata fura da nono ruwa-ruwa. Da ta fara girma ta so yin azumi cikin zafi kamar ƙawayenta. Lokotoro ya hana, malaminmu kuma ya ce marar lafiya yana da uzuri.

Damana ita ce mai wuya. Sauro ya yi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa. Masassarar sauro tana cin jini, ita kuwa da ma ba ta da na rara. Kullum cikin sange take kwana. Idan ruwan sama ya doke ta, nan da nan a canza mata tufafi.

A nan ne na taɓa yin kuskure. Wata shekara na sai da wake da gujiya duka tun da kaka, don bikin ƙanena. Da damana ta yi nisa, ba mu da komai sai kunun hatsi. Masassara ta kama ta, tafin hannunta ya yi fari fat. Sai da aka ƙara mata jini. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Tun daga ranar, da kaka ina ware mata buhun wake da na gujiya, ba a taɓawa. Uwarta tana yi mata kwaɗon zogale da na tafasa, da miyar yakuwa, da ƙwai in kaji sun yi. Tana kuma shan ƙwayar da likita ya rubuta mata don jiki ya riƙa yin sabon jini. Abinci ba ya warkar da ciwon nan. Amma yaron da ya ƙoshi ya fi jure shi.

Ɗan'uwa, idan kana da irin wannan yaro, ka riƙe alamu huɗu: zafin jiki, numfashi da sauri ko ciwon ƙirji, farin tafin hannu, da kumburin ciki ta hagu. Ka ga ɗaya, ka tafi likita, ko da tsakar dare ne. Ku kuma samari da ƴan mata, ku auna jini kafin aure.

Yau ɗiyata tana da shekara 14. Tana zuwa makaranta. Ita ce ta duba mini wannan takarda, ta gyara inda na yi kuskure. Allah ya ba mu lafiya, amin.