Liyon: Garin da Ake Sani da Ƙafa

Idan ɗa ko 'ya ta samu gurbin karatu a Faransa, lissafin iyaye bai cika wuce kuɗin makaranta da biza da rigar sanyi ba. Da wuya a tambayi yadda yaro zai zauna da garin da zai sauka, alhali a nan ne ake tsayawa ko a karaya. Shekara biyu na yi a Liyon ina karatun kiwon lafiyar al'umma, kuma a idona na ma'aikaciyar jinya, ciwon da ya fi damun ɗalibanmu shi ne kaɗaici. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar. Mutum ya dawo daga aji ya rufe ƙofa, daga shi sai wayarsa. Barci ya lalace, cin abinci ya ragu, karatun ma ya fara gagara. Maganin farko ba ya cin ko sisi: a sa takalmi a fita a san garin.

Liyon tafiyar awa biyu ce daga Faris a jirgin ƙasa mai sauri. Koguna biyu, Rhône da Saône, suka ratsa shi suka haɗe a kudancinsa, sannan ga tuddai biyu na kallon juna. Mutanen garin na kiran Fourvière tudun addu'a saboda babbar majami'ar da ke samansa, Croix-Rousse kuma tudun aiki. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu a kansa da wuya ya ɓata.

Croix-Rousse unguwar masaƙan siliki ce tun da can. Rufin ɗakunanta ya kai kusan mita huɗu, domin injin saƙar Jacquard ya samu wurin tsayuwa. A 1831 masaƙan suka yi bore saboda ƙarancin ladan aiki. A nan da tsohon gari akwai wasu lunguna da ake kira traboule: ka tura ƙofar da ka zaci ta gidan wani ce, ka ratsa tsakar gida, sai ga ka a wani titi daban. Ta ciki ake wucewa da siliki ruwan sama bai taɓa shi ba, kuma masu turjiya ga mamayar Jamus sun fake a cikinsu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya taso a lungunan cikin birnin Kano ko Damagaram zai gane dabarar nan take.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Hôtel-Dieu, tsohon asibitin da ke bakin Rhône. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana jinya a cikinsa kafin a rufe shi a 2010, yanzu shaguna ne da otal. An gina babbar ƙubbarsa a ƙarni na 18 domin ta riƙa janye gurɓatacciyar iska daga ɗakunan marasa lafiya, tun kafin a gano ƙwayoyin cuta. Duk nas ɗin da ta taɓa faman buɗe tagogi a ɗakin masu tarin fuka ta san darajar wannan tunani.

Ciki ma yana da haƙƙinsa. Gidajen abincin gargajiya na garin, waɗanda ake kira bouchon, naman alade ya yi yawa a girkinsu, don haka a tambaya kafin a ci. Mai kewar miyar gida ya nufi unguwar Guillotière, inda ake samun kuɓewa da manja da busasshen kifi da naman halal. Babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1994, nan ma wurin samun 'yan'uwa ne ranar Juma'a.

Sai gaisuwa. Kada ka nemi komai a shago ko ofis ba ka fara cewa "bonjour" ba, domin suna ɗaukarta yadda muke ɗaukar sallama. Yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi. A tabbatar da biza ta intanet cikin wata uku da sauka, a kuma yi rajistar inshorar lafiya, wadda kyauta ce ga ɗalibai.

Ranar 8 ga Disamba mutanen Liyon na jera kyandirori a tagoginsu, al'adar da ta faro a 1852, kuma yanzu ta zama bikin haske na kwanaki. Lokacin da duhu ya fi tsawo ne kowa ke fitowa titi. Kada ɗalibi ya yi wannan dare a ɗaki.

Iyaye, idan kun kira yaranku, bayan tambayar jarrabawa ku ƙara da: "Ina ka je makon nan? Da wa ka ci abinci?" Idan kullum amsar ita ce "ina ɗaki", ku matsa masa ya fita. Idan kuma barci ya ƙaurace masa har makonni, ya je ya ga likita a sashen lafiyar ɗalibai na jami'arsa, ba abin kunya ba ne.