Kalimnos, Tsibirin Soso da Duwatsu

Wanda ya karanta Ayyukan Manzanni sura 21 zai tuna da Kos, tsibirin da jirgin Bulus ya biya ta kansa a hanyarsa ta zuwa Urushalima. Arewa da Kos kaɗan, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba a jirgin ruwa, akwai wani tsibiri da ake ce da shi Kalimnos. Yana cikin ƙasar Girka, wato Hellas, ko da yake ya fi kusa da gaɓar Turkiyya a kan Atina. Mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Ƙasar noma kaɗan ce ƙwarai, in banda kwarin Fati inda ake shuka lemo. Sauran duk tsaunuka ne na farin dutse, ba inuwa, ba ciyawar kirki, sai awaki da ƙudan zuma.

To, mutanen da ƙasa ta hana su abinci, ina za su nufa? Sai teku. Shekaru aru aru sana'ar Kalimnos ita ce ciro soso. Kada mai karatu ya zaci irin namu ne mai yaɗo a jikin danga. Wannan wata halitta ce mai rai da take manne da dutse a ƙarƙashin Bahar Rum, baƙa ƙirin, sai an matse ta an wanke kafin ta yi laushi. Irinsa ne aka tsoma a ruwan inabi mai tsami aka miƙa wa Ubangijinmu a kan gicciye.

A dā mutum yakan rungumi falalen dutse mai nauyi ya faɗa ruwa tsirara, ya yanko soso iyakar abin da numfashinsa ya ba shi, sa'an nan a jawo shi da igiya. Bayan shekara ta 1860 sai aka kawo rigar nutso mai kwalkwalin tagulla, ana hura wa mutum iska ta mesa daga cikin jirgi. Soso ya yawaita, attajirai suka gina manyan gidaje a Potiya, babban garin tsibirin. Amma rigar nan ta zo da mutuwa. In mutum ya daɗe a zurfi, nauyin ruwa yakan sa iska ta narke cikin jininsa. In kuwa ya taso da gaggawa, sai iskar ta yi kumfa a jijiyoyinsa kamar kwalbar lemo da aka buɗe. Masu jirage ba su san haka ba, waɗansu kuma ko sun sani kwaɗayin riba bai bar su su jira ba. Jirage sukan tashi bayan Ista su nufi gaɓar Libiya, ba za su komo ba sai kaka, mata kuwa su tsaya a bakin ruwa suna ƙirga waɗanda suka sauko. Da yawa sun mutu, da yawa ƙafafunsu sun shanye. Har wa yau suna da wata rawa da suke kira Mihanikos, inda mai rawa yake dogara sanda yana karkarwa kamar gurgun mai nutso.

Daga baya soson roba ya karya kasuwa. A 1986 kuma wata cuta ta auka wa soso a teku ta kashe mafi yawansa. Samari suka bi 'yan'uwansu da suka riga suka ƙaura zuwa Amurka da garin Darwin na Ostareliya.

Ana nan sai a 1996 wani mutumin Italiya, Andrea Di Bari, ya zo hutu. Shi gwanin hawan dutse ne. Da ya ɗaga kai ya ga bangayen dutsen da ke bayan ƙauyukan yamma, sai ya ga abin da masu wurin ba su taɓa ɗauka a bakin kome ba. A 1997 ya komo da abokansa, suka haƙa ƙusoshin ƙarfe a jikin dutse, suka buɗe hanyoyin hawa wajen arba'in. A shekara ta 2000 aka yi bikin mahaya dutse na fari. Yanzu hanyoyin sun haura 3,000, kowace da sunanta rubuce da fenti a gindinta.

Na yi kwana uku a can a watan Oktoba, a kan hanyata ta zuwa Batmusa, na kuwa sauka a ƙauyen Masuri domin nan ne ɗakin haya ya zo daidai da aljihuna. A nan na san irin matafiyan nan masu goya jaka a baya. Ba masu kuɗi ba ne. Akwai ɗalibai, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, har da tsofaffin da suka yi ritaya. Waɗansu sukan shigo jirgin dare daga tashar Piriyas kusa da Atina, su sayi tikiti mafi arha, su shimfiɗa bargo a kan benci. Dokar Girka ta hana kafa tanti ko'ina mutum ya ga dama, saboda haka sukan haɗu biyu ko uku su kama ɗaki mai ɗan murhu, su riƙa dafa taliya da tumatir. Ruwan famfo yana da gishiri gishiri, sai su ɗauki gora su je injin da aka kafa a bakin hanya su ɗebi na sha. Mai ɗan hali ya yi hayar babur, marar hali ya tafi da ƙafa. Na ce arha, amma arhar Turawa ce. Wanda zai taso daga ƙasarmu, kuɗin jirgin sama da neman biza kaɗai sun isa su sa shi ya sāke shawara.

Da sassafe na bi su zuwa wani babban kogo da ke bisa ƙauyen, wanda suke kira Grande Grotta. Ni dai ban hau ba, kallo na yi. Mutum biyu ne ga igiya ɗaya, tsawonta mita 70 ko 80. Kowa yana da ɗamara mai ƙarfi a gindi da cinyoyi. Mai hawa yakan sa matsattsen takalmi mai tafin roba, ya shafa garin alli a hannu saboda gumi. Yana hawa yana maƙala igiyarsa a ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Abokinsa yana ƙasa, igiyar ta ratsa wani ɗan ƙarfe a ɗamararsa, yana sakinta kaɗan kaɗan. Hannu da ƙafa ne suke hawa, igiya ba ta jan kowa sama. Aikinta sai ran faɗuwa, faɗuwa kuwa kullum ce. Na ga wata mace ta zame daga rufin kogon ta yi lilo a iska, mijinta ya riƙe, ta yi dariya ta sāke kama dutse. Kafin kowa ya tashi, sai ya duba ƙullin abokinsa, abokin kuma ya duba nasa, ko da sun shekara ashirin tare. Sukan kuma ƙulle wutsiyar igiya, gama in hanya ta fi igiya tsawo, sai ta zare daga hannun na ƙasa, mutum ya faɗo. Haka hatsari da dama suka faru a wuraren hawa. Ɓarawo ɗaya da na gani a wurin akuya ce, ta kuwa iya buɗe jaka.

A ganina abin da ya sa baƙin nan suka amfani tsibirin shi ne, kuɗinsu kaɗan ne amma yana shiga hannun talaka kai tsaye. Suna kwana a ɗakunan iyalai, suna sayen burodi da zuma da kifi a ƙauye. Ba sa zuwa da tsakiyar zafi lokacin masu wankan teku, sai a Afrilu da Mayu, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, watannin da a dā ake rufe kantuna. Sukan kuma daɗe, mako biyu ko wata guda, su komo baɗi.

Duk da haka akwai abin damuwa. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, ƙusar da aka kafa shekara ashirin da suka wuce ba lalle ta riƙe mutum yau ba. Sauya dubban ƙusoshi yana bukatar kuɗi da gwanaye, yawancin aikin kuwa masu sa kai ne suke yinsa, haka ma ƙungiyar ceto da take sauko da wanda ya ji rauni. Jikokin mutanen da aka bari da mesa da famfo ba tare da sanin hatsarinsu ba, ya kamata su fi kowa kula da wannan.

Daura da Masuri akwai ƙaramin tsibirin Telendos, wanda aka ce girgizar ƙasa ce ta raba shi da Kalimnos a ƙarni na 6. Minti goma ne a kwalekwale mai inji, ba mota ko ɗaya a kansa, akwai kuma kangayen tsofaffin majami'u na Kiristocin farko. A Potiya har yanzu ana sayar da soso a bakin tashar jirage, akwai kuma gidan tarihi inda aka ajiye kwalkwalin tagulla da falalen dutsen nutso. Daga tashar nan jirgi yake tashi arewa, ya biya ta Leros, ya kai Batmusa inda Yahaya ya ga Wahayi.