Wane Kifi Zai Iya Zama da Firana?

Rubutun wannan makon a kan kifi ne, amma ba na miya ba.

Mu da ke kiwon kifin ado a gidajenmu tsakanin Fagge da Sabon Gari ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Tun da bidiyon kifin firana ya fara yawo a wayoyi, tambaya ɗaya ke ta dawowa a hirarmu: in mutum ya samu wannan kifi ya sa a tankin gilashi a falo, da wa zai haɗa shi? Amsar da muka tsaya a kai ba ta yi wa masu son ado daɗi ba: da ɗan uwansa firana kawai, shi ma da sharaɗi.

Firana ɗan kogunan Kudancin Amurka ne, musamman Amazon. Wanda aka fi kiwo shi ne mai jan ciki, tsawonsa kan kai kusan santimita 30. Haƙoransa masu kusurwa uku ne, na sama da na ƙasa suna shiga juna kamar almakashi. Mugun sunansa ya bazu ne bayan tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je Birazil, ya siffanta shi a littafinsa na 1914 a matsayin kifi mafi mugunta. Sai dai a 2005 masu bincike biyu, Helder Queiroz da Anne Magurran, sun nuna cewa yawo cikin garke da firana ke yi na neman tsira ne daga masu cin sa. Wato matsoraci ne mai kaifin haƙori, kuma wannan ya fi wuyar zama da shi a wuri matsattse.

Abin bai zo mana baƙo ba, don mu 'yan garin tarwaɗa ne. Duk wanda ya taɓa kiwon ta a tankin roba a bayan gida ya san yadda ake zuba 'ya'ya ɗari biyar, a wayi gari lissafi ba ya cika, kuma babu gawa ko ɗaya a saman ruwa. Waɗanda suka riga 'yan uwansu girma ne ke haɗiye su. Shi ya sa masu kiwo ke tace su akai-akai, manya gefe, ƙanana gefe, kuma ba sa wasa da lokacin abinci. Manyan tarwaɗar da muke gani a kasuwar kifi ta Galadima, kowace ta tsallake bakin 'yan uwanta kafin ta iso baho.

Daga nan muka ɗauko ma'auninmu. Na farko girma: firana biyar ko shida masu kai ɗaya, don in biyu ne kawai, mai ƙarfi zai addabi rarrauna har ya ga bayansa. Na biyu fili: garke irin wannan yana son tankin da ya kai lita 400 ko fiye, da itace da duwatsun ɓuya. Na uku ƙoshi, domin yunwa ce ke fara sa su gutsurar jelar juna. Akwai kuma baƙin firana, wanda shi ko ɗan uwansa ba ya ƙauna, shi kaɗai ake ajiye shi.

To sauran kifayen fa? Jan kifin adon nan da yara suka fi so, sa shi a ciki ba wa kura ajiyar nama ne. Ga shi ya fi son ruwa mai sanyi, kuma ko a matsayin abinci bai dace ba, don jikinsa na ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Karfasa tana da faɗa, za ta tare wuri, a kwana ana cizo. Wasu kan gwada kifin nan mai sulke da ke lasar gilashi. Yakan yi watanni lafiya, rana ɗaya a tarar babu ido ko babu jela. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sannan ga Kano kanta. Firana na son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, mu kuwa daren hunturu a Disamba da Janairu yakan sauko ƙasa da haka sosai. Dole a sa na'urar ɗumama ruwa da matata da injin iska, dukkansu masu cin wuta. Tarwaɗa tana leƙowa sama ta shaƙi iska, don haka in an ɗauke wuta tana jurewa. Firana ba shi da wannan baiwar.

Abin da ya fi damun mu shi ne ranar da mai kifi zai gaji. Kifi ya girma, abinci ya yi tsada, yaro ya sa yatsa ya ji ciwo, sai wani ya ce a kai shi dam ɗin Tiga ko Chalawa a sake. A nan ne wasa ke zama ɓarna. Giwan ruwa, wanda masunta ke alfahari da shi a Argungu, an zuba shi a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen shafe ɗaruruwan ire-iren ƙananan kifayen tafkin. Jihohin Amurka irin su Fulorida da Kalifoniya sun hana ajiye firana saboda gudun irin haka. Tiga, da aka gina zamanin Audu Bako, abincin masunta ne da iyalansu, ba wurin gwaji ba ne.

Ruwayenmu ma suna da nasu mai haƙori: tsage, wanda dangin firana ne na nesa. Ga minjirya mai jan wuta, ga gaiwa mai kwana cikin laka har damina ta dawo. Masunta sun san halin kowanne, kuma ba sa haɗa su a ƙwarya ɗaya.

Shawararmu ga mai sha'awa: in ba za ka iya ware wa firana tankinsa, da wutarsa, da abincinsa na shekaru ba, ka bar shi a bidiyo. Ka sayi ƙananan kifaye masu zaman lafiya, yara su riƙa ƙirga su da safe suna samun su cif.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.